Ma'aunin Ruwa a Bayan Makaranta

Shekara ashirin da uku, kullum bayan asuba,
nakan zagaya bayan firamarenmu a nan Daura,
inda Dakta Furera ta kafa ma'aunin ruwa
a kan turken ƙarfe, tsayin ƙugun yaro.
In duba, in rubuta.
In babu ko ɗigo, in rubuta sifiri,
don ta ce, "Malam Ɗayyabu,
rashi ma labari ne, kada ka bar masa gurbi."

Ranar da ta fara zuwa an yi dariya a unguwa:
mace da takalmin roba har gwiwa
tana zura igiyar awo a rijiyar gidan Sarkin Aska
kamar wadda guga ya tsinke wa.
Ba ruwa ta zo ɗiba ba,
zurfi ta zo tambaya,
rijiya kuwa ba ta iya ƙarya ba.

Littafi goma sha ɗaya na cika mata.
Akwai shafin da akuya ta ci gefensa.
Akwai shekarar da sama ta yi gum
kwana talatin da huɗu bayan shuka,
gero ya ƙone a tsaye,
ni kuma ina jera sifiri
kamar mai jera tsingaro a kan kushewa.

Ita ta kwashe su zuwa jami'a a Katsina,
ta jiƙa, ta surfa, ta rege da lissafi,
suka fito maƙala.

Shekaranjiya ɗalibinta Nafi'u ya zo da waya a hannu:
maƙala sittin da huɗu, in ji shi,
an kafa hujja da su sau dubu uku da ɗoriya,
a Yamai, a Dakar,
har a ƙasashen da kogi ke daskarewa a taka shi da ƙafa.
Ya nuna min ƙarshen wata,
wurin godiya, da ƙananan haruffa,
ga sunana.
Sun cire wa Ɗa ɗin ƙugiyarsa.
Na yafe.

Amma wayar ba ta ƙirga Ilu Maikaho ba,
wanda ko sunansa ba ya karantawa,
yanzu ba ya fitar da iri sai ruwa na uku,
tun da ya ji ta ce a gindin ɗorawa
ruwan farko ya koyi yaudara.
Ba ta ƙirga burtsatsen da aka matsar arewa taki ɗari biyu ba
saboda wani layi shuɗi a taswirarta.
Yaran da ke layi da jarka a wurin
ba su san ko tana raye ba.

Ta taɓa kuskure kuma.
Ta ce damina za ta yi rowa,
sai ga ruwa dare ɗaya ya kwantar da katanga tara.
Gari na wayewa ta iso,
ba ta ce uffan ba,
ta auna shatin laka a bangon masallaci,
ta je ta rubuta wata takarda
ta warware zancenta da hannunta.
Wannan ce na fi so,
ko da yake Nafi'u ya ce ba a cika ambatonta ba.

Yanzu an kafa wata na'ura mai cin hasken rana
da ke aika lamba da kanta.
An sallame ni da takardar yabo da agogon bango.
Ita ma ta ajiye aiki, ido ya yi rauni,
jikarta ke danna mata lamba.

Daren jiya hadari ya haɗo daga gabas,
ya zuba har kwalbatin kasuwa ta tumbatsa.
Ina sallame salla waya ta yi ƙara.
Ko gaisuwa babu.
"Nawa?"
Na riga na je da tocila, laka har idon sawu.
Na ce, "Sha bakwai da rabi."
Na ji tana lalubar biro.